Neman lasisin dillancin mota a Teksas don saye a gwanjo: inda aka kwana

12 Fabrairu 2024

Bismillah. Na yanke shawara zan nemi lasisin dillancin mota a nan Teksas, kuma zan riƙa rubuta duk inda aka kwana saboda 'yan uwa da ke ta kirana suna tambaya wai ya ake sayen mota a gwanjon Amurka, don amsar ba ta ƙarewa a waya. Yayana yana da filin motoci a Kano, ni kuma ina Hiyustan ina aikina, mun daɗe muna ɗan taɓa harkar, in ga mota a shafin kamfanonin gwanjo irin Copart ko IAA in tura masa hoto, in yace a saya sai mu bi ta hannun buroka, wato mai lasisin da zai ara maka sunansa ka yi bidin, wato ka taya mota, shi kuma ya ɗora la'adarsa a kan kowace mota. Da can ba ma jin la'adar sosai, amma yanzu a farkon 2024 da dala ta kai naira 1,500 duk ɗari ɗaya da ta fita sai Yaya ya ji ta a jikinsa. Kuma ba kuɗin kaɗai ba ne, taitil ɗin mota, wato takardar mallakarta, hannun buroka yake fara zuwa, sai ranar da ya samu sarari zai turo, mota na zaune kuɗin ajiya na hawa.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane, gwanjon nan kala biyu ne. Akwai irin Copart da IAA, yawancin motocinsu kamfanonin inshora ne ke kawowa bayan hatsari ko ambaliya ko ƙanƙara ko an sace an gano. Sai irin Manheim da ADESA, can ne dillalai da bankuna da kamfanonin hayar mota ke sauke motoci masu lafiya, kuma su in ba ka da lasisin dila ko ƙofa ba za ka shiga ba. Can ɗin ne Yaya ya fi kwaɗayi.

20 Fabrairu 2024

Kwanakin nan karatu kawai nake yi da daddare. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne babu wani abu wai shi lasisin Amurka na sayen mota a gwanjo. Kowace jiha da dokarta, kuma dokar jihar da motar take zaune a cikinta ita ake bi, ba jihar da kai kake ba. Shi ya sa za ka ga Camry biyu iri ɗaya, ɗaya maɓallin bidin a buɗe yake gareka, ɗaya kuma a rufe. Rajistar da ka yi da Copart ta dala 99 ko ta 249 a shekara ba lasisi ba ce, katin shiga kasuwa ne kawai, da shi za ka iya sayen waɗanda aka rubuta ba sa buƙatar lasisi, sauran sai kallo.

Bayan jiha sai takardar motar. Akwai taitil mai tsabta, akwai salbej, wato na motar da ta lalace sosai amma ana iya gyarawa, akwai wadda aka yanke wa hukuncin ba ta gyaruwa sai dai a farke ta a sayar da kayanta, sannan akwai wadda rasit kaɗai gare ta babu taitil gaba ɗaya, wannan ta ƙarshen ita ce mai sa mutum kuka a bakin tashar jirgi. Ita ma kalmar salbej ba ma'auni ɗaya gare ta ba. A Teksas sai kuɗin gyara ya wuce darajar motar kafin hatsarin, a Mishigan daga kashi 75 cikin ɗari an buga mata salbej, in ta kai 91 ta zama ta farkewa. Kenan motar da ta sha duka sosai tana iya fitowa da taitil mai tsabta a wata jiha, wadda ba ta kai ta lalacewa ba kuma a buga mata salbej a wata. Mu a gida da an ce wa mutum "kilin taitil ce" shi kenan ya kwantar da hankali, alhali takarda ce kawai ke magana ba ƙarfen motar ba.

A Teksas mutum mara lasisi yana iya sayen salbej amma da iyaka, wanda ke sayarwa ba zai wuce guda 5 ga mutum ɗaya a shekara ba. Ta ɓangaren sayarwa ma haka, in ka kai mota 5 a shekara ko kana sayar da wadda ba sunanka ke kan takardarta ba, ka shiga dillanci ba lasisi, kuma suna kamawa.

2 Maris 2024

Mun yi doguwar waya da Yaya. Yace "kai fa kana son wahalar da kanka, tunda ina da takardar CAC me zai hana in yi rajista daga nan kawai a matsayin ɗan kasuwar waje?" Kuma maganarsa da gaskiya, gwanjon suna karɓar takardar kasuwanci ta ƙasar waje in ta nuna harkar mota kake yi, tare da fasfo, kuma tana buɗe jihohi da dama. A Teksas in aka sayar wa mutumin waje salbej sai a buga wa taitil hatimin cewa ta fitarwa ce kawai, daga nan ba za ta sake samun lamba a Amurka ba har abada. Ga wanda Kano kawai zai kai mota wannan hanya ta isa, kuma ina ba duk mai ƙaramin jari shawara ya fara da ita kafin ya yi tunanin abin da nake yi.

Nace masa Yaya matsalar guda biyu ce. In mota ta zo hannu muka ga ba ta cancanci kuɗin jirgi da na kwastan ba, da hatimin nan ba mu da mafita, dole a tura ko a farke. Da lasisi kuwa sai in gyara in sayar a nan ko in mayar gwanjo. Na biyu ina so a ce ni ne zan je filin da ƙafata in duba mota, kuma taitil ya zo hannuna kai tsaye. Yace toh Allah ya sa albarka, amma kuɗin hayar wuri kai za ka ɗauka. Na amince.

14 Maris 2024

Barkanmu da shan ruwa. An yi rajistar kamfani, LLC, dala 300 a ofishin sakataren jiha. Lambar haraji ta tarayya wato EIN kyauta ce a shafin IRS, hukumar harajin Amurka, kar wanda ya karɓi kuɗinka a kanta. Takardar harajin saye da sayarwa ta jiha ita ma kyauta. Na buɗe asusun banki da sunan kamfanin. Sunan nan dole ya zama iri ɗaya harafi da harafi a duk takardun da za su biyo baya, haya, allo, lamuni, komai.

30 Maris 2024

Lasisin da nake nema sunansa GDN, hukumar motoci ta Teksas ke bayarwa, dala 700 na shekara 2. Yana da rukuni-rukuni, biyun da suka shafe ni su ne na dilan sari da na dila mai sayar wa jama'a motocin hannu. Na sari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ofis kawai, ba sai ka tanadi filin baje motoci ba, kwana 2 a mako awa 2 a jere ka buɗe. Wani Alhaji ɗan Gana da muke masallaci ɗaya, shi ya daɗe a harkar, ya ja ni gefe bayan asham yace "ƙanina kar sauƙin ya ruɗe ka, mai sari ba ya sayar wa kowa sai dila mai lasisi, kai kuma ba wannan ya kawo ka ba." Na koma na duba, haka ne. Ƙari a kan haka tun 2019 doka ta ba dila mai sayar wa jama'a damar yin harkar salbej a wurinsa ba tare da ya nemi wani lasisin daban ba. Don haka na zaɓi mai wuyar.

Mai wuyar ga abin da yake so. Ofis na gaske mai bango da rufi, faɗinsa bai gaza murabba'in ƙafa 100 ba, da tebur da kujeru 2 da intanet da waya mai aiki da sunan kamfani, kuma ba cikin gidan kwana ba, don haka masu tunanin gareji ko falo su manta. Fili da zai ɗauki mota 5 aƙalla, naka kai kaɗai, ba wanda kwastomomin shagon maƙwabci za su riƙa fakin a ciki ba. Allo na dindindin mai sunan kamfani, haruffan tsawon inci 6 ko fiye, ba kyalle da za a ɗaura da igiya ba. A buɗe kwana 4 a mako awa 4 a jere, a liƙa lokutan a ƙofa. Takardar haya kuma ta rufe duka shekara 2 na lasisin. Akwai ma dokar da ta hana sayar da mota Asabar da Lahadi a jere, sai ka zaɓi ɗaya, ni Lahadi zan rufe, Juma'a kuma in buɗe bayan an sauko daga masallaci.

Da farko abin ya yi min yawa, amma da na zauna na yi tunani na ga dalilinsu. Suna so in ka cuci wani a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mu nawa ne a gida aka sayar mana da mota a bakin titi, washegari mai motar ya kashe waya?

15 Afrilu 2024

Barka da Sallah. Na gama kwas ɗin awa 6 da ake wajabta wa sabon dila, ta intanet na yi, sun ba ni satifiket. Na ƙaru wallahi. Duk motar da ka baje dole ka liƙa mata takardar gwamnatin tarayya a gilashi mai nuna ko da garanti ko babu. In wani ya biya ka tsabar kuɗi sama da dala 10,000 sai ka cike fom 8300 ka kai rahoto, wannan ya shafe mu sosai don mutanenmu suna son kawo kuɗi a hannu. Takardun kowace mota a ajiye su wata 48. Akwai harajin motocin da ke fili da ake kai bayaninsa ofishin ƙaramar hukuma duk wata ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Sai batun mita, juya mitar mota laifin tarayya ne da ke kai mutum gidan yari, na daɗe ina tunanin motocin da ke isa gida da mita ta koma yarinya tsakanin Legas da Kano.

6 Mayu 2024

Wuri shi ne ya fi komai cin lokaci. Hiyustan ba ta da tsarin raba unguwanni irin na sauran manyan birane, sai ka ɗauka ko'ina za ka iya buɗewa, amma akwai sharuɗɗan da ke rubuce a takardun filaye, kuma masu gine-gine da yawa da sun ji mota ce masu hatsari sai su ce a'a. Akwai kuma gine-ginen da aka yanka ƙananan ofisoshi don dillalai, sai dai doka ba ta yarda masu sayar wa jama'a su wuce 4 a gini ɗaya ba, don haka kafin ka biya ka tambaya su nawa ne a ciki. Alhamdulillah na samu wani ɗan ofis da tsakar fili kusa da garejin wani bakanike, mun sa hannu shekara 2 da 'yan watanni don kar ta gaza. An ba da aikin allo.

21 Mayu 2024

Iskar da aka yi ranar 16 ga wata ta tsayar da komai, unguwanni da yawa babu wuta, mai allo yace sai an kwana biyu.

Na yi amfani da lokacin na gama maganar lamuni. Teksas tana neman lamunin dala 50,000, da 25,000 ne aka ninka a Satumban 2021. Ba wai kai za ka ajiye kuɗin ba, kamfanin lamuni ne zai tsaya maka, kai ka biya shi ɗan kaso gwargwadon tarihinka na biyan bashi, in ka ci kuɗin wani ko ka ƙi ba da taitil su biya shi sannan su biyo ka. Abin ya ɗan tsaya min a rai sai na je wajen malaminmu, nace Allah gafarta Malam ga yadda abin yake. Ya yi min tambayoyi sosai sannan yace tunda hukuma ce ta wajabta kuma ba bashi na ci da ruwa ba, in yi, amma ya ja kunnena kan bashin da ake ba dillalai su cika fili da motoci. Kuma tun lasisi bai fito ba har sun fara aiko min da tallarsa. Wannan kam ruwa ne ƙarara, ba zan taɓa ba, abin da jarinmu ya iya shi za mu saya ko mota ɗaya ce.

4 Yuni 2024

Na tura komai ta shafin hukumar, takardun kamfani, haya, lamuni, satifiket, hotunan ofis da allo da fili da lokutan aiki, na biya. Bayan turawa ne suke ba ka lambar da za ka je a ɗauki zanen yatsu, wannan sharaɗin daga Satumban 2022 ya fara. An ɗauka. Sai jira.

26 Yuni 2024

Sun rubuto suna son ƙarin bayani kan filin, tunda muna haɗa ƙofar shiga da bakanike suna so a ga abin da ya raba wurina da nasa, kuma mai wurin ya tabbatar a rubuce. Mai wurin ya yi tafiya, sai da aka sha kira kafin ya sa hannu. Na sa an kafa ƙarafa an raba, na sake ɗaukar hoto na tura.

Wani abin da wanda ke wani gari ba zai sani ba, cikin Hiyustan lasisin jiha bai isa ba, birni ma yana da nasa, kuma wani sashe na 'yan sandan birnin ne ke kula da masu sana'ar mota. Na fara nasu takardun. Duk wanda zai yi wannan harka ya tambayi ofishin garinsa tun kafin ya kama haya.

19 Yuli 2024

Guguwar Beryl ta shigo ranar 8 ga wata, sama da gidaje da shaguna miliyan 2 suka rasa wuta, ga zafi, mu dai Allah ya tsare. Lasisi shiru, kuma ban yi mamaki ba.

Abin da ya sa na zauna rubutu yau daban ne. Motocin ruwa sun fara shigowa filayen gwanjo, kuma Yaya ya gani. Ya turo min wata Highlander fes, ko ƙwarzane babu, yace "wannan fa in ta sauka a Kano kwana biyu ba za ta yi ba." Nace Yaya dubi abin da aka rubuta a wajen lalacewa, ambaliya ce. Yace ai kowa na kawowa, a wanke a canza mai a busar da kafet shi kenan. Mun ɗan ɗaga murya, abin da ba mu saba ba, don ban taɓa musu da shi a kan ciniki ba, shi ya koya min.

Amma na ga abin da ya biyo bayan guguwar Harvey a 2017, na ga filayen da aka cika da motoci iya ganinka, kuma na san da yawansu jirgi suka hau. Motar ruwa ba ranar da ka saye ta take nuna hali ba. Ruwan yana shiga cikin wayoyi da soket da burenbos da na'urar jakar iska, tsatsa tana ci a hankali, bayan wata shida ko shekara sai gilashi ya ƙi sauka, sai fitilar dashbod ta kama, sai giya ta fara fizga, mai ita ya yi ta zarya kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa yana sayen kaya ɗaya bayan ɗaya bai san ciwon ba. Mafi muni ranar da ya yi karo a hanyar Zariya jakar iska ta ƙi buɗewa. Wanda ya saya ɗin malamin makaranta ne ko ma'aikaci da ya yi shekaru yana tari. A nan taitil yana ɗauke da tambarin ambaliya, duk mai saye zai gani, amma da ta sauka Legas takardar kwastan ce ke magana, tarihin ya tsaya a teku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yace wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Nace wa Yaya da sunana da lasisina ba za a sayi ta ruwa ba, mai hatsari kuma duk wadda muka kawo za mu nuna wa mai saye hotonta na gwanjo da lambar VIN, wato lambar shasi, ya duba da kansa. Ya yi shiru sannan yace za mu yi magana. Bayan kwana biyu ya kira yace ya yarda da ta ruwan, maganar nuna hoto kuma a bari mu ga yadda kasuwa za ta karɓa.

5 Agusta 2024

Alhamdulillahi lasisi ya fito. Na ɗora shi a Copart da IAA tare da takardar haraji, da suka tantance sai motocin da suke a rufe suka buɗe, ba duka ba amma. Alabama da Wiskonsin suna son katin mai saye nasu na daban kafin ka taɓa salbej, Mishigan kuma tana da lasisi na musamman ga dilan wata jiha. Ba zan bi su yanzu ba, Teksas da maƙwabta sun ishe ni. Na yi rajistar AuctionACCESS, ita ce mabuɗin Manheim da sauran gwanjon dillalai.

22 Agusta 2024

Mota ta farko da sunan kamfani, Corolla 2016, an buge ta ta baya, taitil salbej na Teksas. Na je filin tun kafin ranar gwanjo da na'urar duba kwamfutar mota, na ɗaga kafet, na leƙa ƙarƙashin kujeru da ramin safaya, na duba ƙafafun shasi, jakunkunan iska duk suna nan. Alamar da suke sawa cewa mota tana tashi tana tafiya ma'anarta kawai ranar da aka kawo ta ta tashi ta ɗan motsa gaba, ba alkawari ba ne, kuma yadda ka gan ta haka ka saya, babu dawowa.

Ta faɗo min a dala 4,300. Kafin ta fita ƙofa kuɗin mai saye da na bidin ta intanet da na geti da sauransu sun kusa dala 1,000, ban da mai janwe. Duk mai lissafi ya fara da wannan, farashin da ka gani a allo ba shi ba ne. Biya ta banki ya fi kati sauƙin caji, kuma kwanaki kaɗan suke bayarwa, in ka wuce tara, in ka fasa gaba ɗaya tarar ta fi zafi. Taitil ya zo ofis kai tsaye.

11 Satumba 2024

Dokar fitar da mota ba ta jiha ba ce, ta tarayya ce. Kwastan ɗin Amurka suna son asalin taitil da motar kanta su kasance a tasha aƙalla awa 72 kafin jirgi ya ɗauka, kuma sai an shigar da bayanan fitarwa ta kwamfuta an samu lamba, komai arhar motar. In akwai sunan banki a taitil sai da wasiƙar bankin cewa an gama biyan bashi ko ya yarda a fitar da motar. Na sayar wa kamfanin Yaya a rubuce, na ajiye kwafin fasfonsa, na buga hatimin fitarwa kamar yadda doka tace. Tunda tana tafiya da ƙafarta ta hau jirgin da ake tuƙa mota a shiga, ba sai kwantena ba.

Ɗan kawuna na Maraɗi ya kira yana son a haɗa da tasa. Nace ya bari tukuna, gadar Gaya da Malanbil da ke iyakar Nijar da Benin tana rufe tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023, hanyar Kwatano ba kamar da ba ce, ta Lome kuma doguwa ce. Ta Najeriya ma tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, don haka mu Legas kawai muka sani.

29 Oktoba 2024

Corolla ta fito daga tashar jirgin ruwa ta Tin Can a Legas, tana kan tirela zuwa Kano. Ejan ya yi aikinsa. Kwastan yanzu da lambar VIN suke kimanta mota tun 2022, ba ruwansu da arhar da ka samu a gwanjo, a 2024 ana biyan kashi 20 na fito, kashi 15 na harajin motocin hannu, VAT 7.5, da wasu ƙanana, kuma da farashin dalar ranar ake bugawa. Ga dokar shekara 12, bana duk abin da ya gaza 2012 ban ma kalle shi.

Jihar Fulorida kuma ta sha guguwar Helene a ƙarshen Satumba da ta Milton ranar 9 ga wannan wata, motocinsu sun cika shafi, Lexus da Benz da manyan jif a farashin da zai sa mutum ya haɗiyi yawu. Wannan ruwan gishiri ne, ya fi namu na Hiyustan sharri, masu batir irin haibirid da na lantarki har wuta suke kamawa. Da yawa takardar hallakawa gare su, wato a can ba za su sake hawa titi ba. Mutum uku sun kira ni daga gida suna so in saya musu da lasisina su ba ni la'ada. Na ba su haƙuri. Don Allah duk wanda zai sayi tokumbo daga yanzu zuwa baɗi ya karɓi VIN, lamba 17 ce a ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, ya buga ta a intanet, yawanci hotunan gwanjo suna fitowa, shafin NICB, ƙungiyar yaƙi da zambar inshora a Amurka, kuma yana dubawa kyauta.

18 Nuwamba 2024

Mai gyaran jiki ya gama, an sa but da bamba na Beljiyam, an yi fenti. Yaya ya nuna wa mai saye hotunan gwanjo da kansa, ban ma tuna masa ba. Na farko ya gani ya tafi, na biyu ya zo da bakanikensa suka duba bayan motar sosai, ya nemi ragi, aka rage masa, ya biya. Ribar ba ta kai yadda Yaya ya saba ba, ya faɗa min haka kai tsaye, kuma in aka cire hayar ofis da inshora da lamuni har yanzu ni ke ciko daga albashina. A lissafina sai muna fitar da mota 3 zuwa 4 a wata kafin lasisin ya riƙe kansa, wanda ba zai kai haka ba gara ya tsaya a takardar CAC ko buroka mai amana.

Yanzu akwai biyu a fili, Camry 2017 mai taitil mai tsabta da na samo a Manheim, da wata RAV4 da ƙanƙara ta lotsa wa rufi da bonet amma inji da ƙafa lafiya lau, ita nake tunanin gyarawa in sayar a nan in gwada wannan ɓangaren. Abin da ke gabana shi ne rajista da tsarin webDEALER na jiha, shafin da dillalai ke yin takardun mota ta intanet, don daga 1 ga Yulin 2025 Teksas za ta daina lambar takarda, dila ne zai riƙa ba mai saye lambar ƙarfe, kuma za a buƙaci wurin kulle su a ofis. Bayanin harajin fili na Oktoba na kai, na Nuwamba sai farkon Disamba. Camry za ta tafi tasha da zarar taitil ɗinta ya iso.